Makanikin Jirgin Ruwa a Ƙasar da Ba Teku

Duk wanda na gaya wa cewa kawuna makanikin injin jirgin ruwa ne, kuma ma'aikacin gwamnati, sai ya yi dariya ya ce, "A Rano? Ina tekun?" Ba mu da teku, gaskiya ne. Amma muna da madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, ga kuma Ruwan Kanya a ƙofar gidanmu. Ruwan nan shi ke bin magudanai har ya kai gonakin shinkafa da tumatir na Kadawa da Kura. Inda ruwa ya taru haka kuwa, dole a samu kwalekwale mai inji, da fanfunan ban ruwa, da janareto, dole kuma a samu mai gyara su.

Kawu ya fi shekara ashirin a wannan aiki. Abin da ke burge ni, a matsayina na ma'aikaciyar jinya, shi ne yadda yake duba inji kamar yadda muke duba majiyyaci. Ba ya fara kwance komai sai ya saurara. Yakan ɗora bakin sukundireba a jikin injin, ya kara marikin a kunne, ya ce filogi ne, ko ruwa ya shiga kafireta. Ya taɓa nuna mini wani ɗan siririn ruwa da injin Yamaha ke tsartarwa ta baya idan yana aiki. Ya ce, "'Yata, wannan shi ne numfashinsa." Injin jirgi da ruwan da yake tafiya a kai yake sanyaya kansa. In ciyawa ko leda ta toshe mashigar, ko robar fanfon ta cinye, tsartuwar sai ta ɗauke, ba da jimawa ba injin ya ɗau zafi ya kama. A mota sai ka gangara gefen titi. A tsakiyar Tiga ina gefen?

Mutanen Kano ba su manta da ranar 30 ga Nuwamba 2021 ba, lokacin da jirgi ya kife tsakanin Badau da Bagwai, aka rasa aƙalla mutum 29, yawancinsu ɗaliban Islamiyya masu zuwa Mauludi. Lodi fiye da kima aka ɗora wa laifin. Kawu ya kwana biyu ba ya cin abincin kirki. Tun daga nan ba ya barin jirgin da ya gyara ya tashi sai ya ƙirga mutane da rigunan kariya, ko da direban zai ji haushi.

Aikin na da nasa kuɗin da jiki ke biya. Kunnensa na hagu ya yi nauyi saboda ƙarar inji, hannuwansa duk tabon ƙuna, sau biyu kuma ina kai shi a ba shi maganin tsargiya, cutar da ke kama masu yawan shiga ruwan da ke kwance.

Yanzu rigimar ta shigo gidanmu. Ƙanena, autan Umma, ya gama sakandare a Kibiya, ya ce shi aikin Kawu yake so, har yana maganar makarantar koyon aikin jiragen ruwa da ke Oron a jihar Akwa Ibom. Umma ta ce ba ta haifi ɗa don ya ƙare cikin baƙin mai ba, ga nisa, ga ruwa. Na fahimci tsoronta, uwa ce. Amma ni ina bayan yaron, domin na ga masu digiri da yawa zaune a majalisa ba aikin yi, ban kuwa taɓa ganin Kawu ya wuni ba a neme shi ba, ko ran Lahadi manoman rani na sallama da injin ban ruwa a bayan babur.

Kawu bai sa baki ba sai da aka tambaye shi. Ya ce wa Umma, "Yaya, ki ba ni shi wata uku. Sai ya iya iyo kafin ya taɓa sifana." Umma ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Ranar Asabar dai na ga ta sa an sayo masa takalmin roba a kasuwar Rano.