Kayen ɗiyata

Ni manomi ne, ƙauyenmu yana ƙasar Matamaye, cikin jihar Damagaram. Zan ba ka labarin wani kaye, wato littafin rubutu na ƴan lakwal, wanda na karanta ba da izinin mai shi ba.

Kayen na ɗiyata ne. Ba zan faɗi sunanta ba, ta fari ce. Ka san halinmu. Ba a kiran sunan ɗan fari, ba a zama hira da shi. In zan aike ta, sai in ce da uwarta, "Gaya wa yarinyar nan." Shekararta 12 muna gida ɗaya, amma ban san abin da take so ba, ban san abin da take ƙi ba.

A damanar 2025 na yanke a raina ba za ta koma lakwal ba. Ta gama aji 5, saura aji 6, shekarar jarrabawa. Ina da dalilai. Uwarta ta haihu, ga goyo, ga daka, ga rijiya. Lakwal kuwa a watan Oktoba take buɗewa, daidai lokacin da ake ɗaurin hatsi, ana roron wake, ana cirar gujiya. A wannan lokaci ko hannun yaro ba na yarwa ba ne. Ga kuma kuɗi. Gaskiya ba a biyan kuɗin shiga, amma kaye da bik da takalmi ba daga sama suke faɗowa ba. Sannan yayata ta zo mini da maganar wani saurayi ɗan gidan mutunci. Ban ce i ba, ban ce a'a ba.

Na san a 2017 an yi doka cewa a bar ɗiya mace a makaranta har ta kai shekara 16. Na ji a rediyo. Na ce a raina, wanda ya rubuta dokar ba shi zai ɗebo mana ruwa ba. Kuma ɗan wana ya gama kolej da takardarsa a hannu, yau kabu-kabu yake yi a Zinder. To, me zan gani in yi ɗoki?

Wata rana a watan Agusta ruwa ya hana fita gona. Ina neman takardar da zan rubuta bashin taki, sai na ga jakarta rataye. Na zaro kaye ɗaya don in yagi shafi. Ni ma sabon mai karatu ne kamarka. A ranin shekarar na shiga makarantar yaƙi da jahilci, wata 4 muna zuwa da dare. Tun 1963 ake wannan aiki a Nijar, ni sai da na haifi ƴaƴa huɗu na je. Ka san ciwon sabon mai karatu: duk inda ya ga baƙi sai ya tsaya. Na ɗora yatsa, na fara haɗawa.

Daga baya na ji cewa mushensu ne ya sa su. Ƙarshen kowane wata, bayan jarrabawar da suke kira komfozisiyo, kowane yaro ya rubuta abu 3 da ya fi so a watan. Shafin hagu da Faransanci, na dama da Hausa. Na hagu na bar wa masu shi.

Babu Oktoba a ciki. Za ka tuna ruwan 2024, shekarar da tsohon masallacin Zinder ya faɗi. Gwamnati ta ɗage buɗe makarantu zuwa 28 ga Oktoba, don waɗanda gidajensu suka rushe suna zaune cikin azuzuwa. Mu kuma ajin yaranmu na kara ne, sai an gama girbi ake samun abin gina shi. Saboda haka daga Nuwamba ta fara.

Nuwamba ta rubuta: "Sabon bik shuɗi. Ƙanshin sabon kaye. Fara da yaji." Na yi dariya ni kaɗai. Na ce yaro dai yaro ne.

Disamba: "Rake. Wasan dare da farin wata. Wurin zama kusa da ƙofa, inda rana take shigowa." Na ukun sai da na karanta sau biyu. Lokacin hunturu ne. Iska tana ratsa zana kamar babu komai a tsaye. Ni da bargo nake fita masallaci. Ita riga ɗaya ce da ita, da ɗankwali. Ban yi dariya ba a nan.

Janairu shi ne ya zaunar da ni. An ce abu 3, ita abu ɗaya ta rubuta: "Ranar da aka dama kunu kafin in tafi."

Ɗan'uwa, bari in gaya maka yadda safiyar gidana take, wataƙila ta yi kama da ta gidanka. Da asuba yarinya za ta tashi, ta je rijiya sau biyu, ta share tsakar gida. Ƙarfe 7 ta kama hanya, don lakwal tana ƙauyen gaba, tafiyar kilomita 3, kuma ƙarfe 8 ake shiga. A lokacin uwarta ko surfe ba ta gama ba. Fura ba ta samuwa sai hantsi ya ɗaga sosai. Ni in na fita gona da sassafe ban damu ba, na san fura za ta iske ni. Ita wa zai kai mata? In tuwo ya kwana, ƙannenta ake ɗumama wa, ita babba ce ta haƙura. Ƙarfe 10 ana fitowa hutu, masu fanke da awara suna zaune gindin bedi. Dala 5 ta ishe ta. Ba ta taɓa roƙona ba, don ɗiyar fari ba ta roƙon uba. Ni kuma ban taɓa ba ta ba, don ban sani ba. A'a, kada in gyara maganar: ban taɓa tambaya ba. Shekara 5 yarinyar nan tana lissafi da ciki wayam, har ranar da aka samu kunu ta zama ranar da ake rubutawa a littafi. Kai fa, naka da me ya fita yau?

Fabrairu: "Magarya. Labarin kura da mushe ya karanta. Daren Juma'a, don tocila tana gida." Tocila ɗaya ce a gidan. Ni nake ɗauka in tafi makarantar dare. Daren Juma'a ne kaɗai ba mu karatu. Ka gani, ni na tafi koyon baƙi, na bar mai baƙi cikin duhu.

Maris azumi ne, ƙaramar Salla ta zo a ƙarshensa. Ta rubuta lalle, da ƙosan buɗa-baki, da ragowar yadin Salla da aka ɗinka mata jaka. Ita ce jakar da na sa wa hannu.

Afrilu: "Mangwaro. Na zo ta 4. Baba ya sa hannu da bik."

Wannan na tuna shi. Bayan komfozisiyo ana ba yara takardar sakamako su kai gida, uba ya sa hannu. Shekara da shekaru dangwale nake yi, ta shafa mini tawadar bik a babban yatsa in danna. Ranar nan na ce da uwarta a miƙo mini bik. Na zauna bakin rumbu, na rubuta sunana baƙi bayan baƙi, har gumi ya keto mini. Yarinya tana tsaye nesa, ta juya baya. Na ɗauka ba ta kula ba.

Mayu fari fat, ko ɗigo babu. Watan da uwarta ta haihu ke nan, na tsare ta a gida sati 3. Yuni ta rubuta ƙanshin ƙasa bayan ruwan farko. Ruwan ne kuma ya kayar da rufin ajinsu, karatu ya tsaya tun kafin ranar hutu.

Na ɗauka na gama. Sai na ga shafin ƙarshe. A sama ta rubuta "Kayan Oktoba". Kaye 6, bik shuɗi 2, ja 1, alli, abin ja layi, takalmin roba, sabulu. Kowanne da kuɗinsa a gefe, ta haɗa jimla jika 4. Ƙarƙashi ta rubuta kazarta da ƴan tsakinta 5, ta yi musu kuɗi jika 2, ta ɗebe. Saura jika 2. Gaban wannan ta rubuta "Baba", ta sa alamar nan mai kama da lauje. Malaminmu ya koya mana ita, alamar tambaya ce. A can ƙasa kuma: "Takardar haihuwa. Mushe ya ce in babu ita babu jarrabawa."

Tun watan Yuni ta gama shirinta. Ni kuwa ina shirin wani abu daban.

Na mayar da kaye inda yake, ban yagi komai ba. Bashin taki a bayan takardar magani na rubuta shi. Da dare na gaya wa uwarta abin da na gani. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Malam, ai da ka tambaye ni. Ni ban ce a cire ta ba. Ruwa mu yi karɓa-karɓa da maƙwabciya." Washegari na je wurin yayata. Na ce, "Yaya, maganar nan a ajiye ta tukuna." Ta ce na zama nasara. Wata guda ba ta taka gidana ba.

Yanzu ga yadda shirin ya tafi, ko zai yi maka amfani.

Jika 2 ɗin nan su ne suka fi sauƙi. Na sayar da ɗan akuya, na sayi kayan ranar kasuwa tun watan Satumba, kafin masu kanti su ga taron iyaye su ƙara kuɗi. Kazarta ban bari an taɓa ba. Na ƙara rigar sanyi ta gwanjo. A Satumba babu mai neman rigar sanyi, shi ya sa take araha. Na ƙara tocila ta biyu.

Takardar haihuwa ita ta wahalar da ni. A gida aka haife ta, hannun ungozoma, ban kai sunanta ko'ina ba. In lokacin da doka ta yanke ya wuce, sai an bi ta hannun alƙali, da shaidu 2, a yi takardar da za ta tsaya a madadin ta haihuwa. Sau 3 na je. Ran farko shaidana ɗaya bai zo da katinsa ba. Ran na biyu mai sa hannu ba ya nan. Kowace tafiya kuɗin mota ne, ga yinin noma ya tafi. Da na kai ta tun tana jaririya, da kyauta ne. Shi ya sa kafin in gama da tata na bi sawun ta jaririn da ta sauran ƙannen. Idan kana da mai jego a gida, kada ka bari ragon suna ya mantar da kai.

Sai kunu. Da aka ɗaure hatsi na ware dami 3, na sa su gefe cikin rumbu, na ce waɗannan ba na biki ba ne, ba na baƙo ba ne. Uwarta kan jiƙa gero tun da dare, ko ta ajiye gari. Da asuba minti kaɗan ne an dama. Da na ga abin ba shi da wuya haka, kunya ta ƙara kama ni.

Sannan aji. Na je taron kwamitin iyaye, karo na farko a rayuwata. Da ma jira muke a gama girbi, kowa ya kawo kara in ya ga dama, yara su rasa wata guda ko fiye. Wannan karon muka ce kowane gida ya ba da tsohuwar zana ɗaya da itace ɗaya tun ƙarshen Satumba, in sabon kara ya samu a ƙara. Mushe ya tuna mana da gobarar 2021. A watan Afrilu ajin kara ya kama wuta a Yamai, yara wajen 20 suka rasu. A watan Nuwamba aka sake yi a Maraɗi, fiye da 20 suka tafi. Allah ya jiƙan su. Muka yi wa ajin ƙofa 2, gabas da yamma. Masu tuya muka roƙe su su ja can nesa da murhunsu. Ɗaya ta yi faɗa, amma ta ja.

Ba zan ce maka ban yi asara ba. Waken gonar tudu ya bushe ya fashe kafin mu kai gare shi, na rasa abin da ya kai tiya 10. Uwarta ta rame a kakar nan. Kuma har yanzu in na ga ɗan wana bisa babur, zuciyata takan yi mini tambaya. Bayan aji 6 akwai kolej, kolej kuwa a gari take, sai an nemi gidan da za ta zauna. Wannan wata magana ce da ke jirana.

Daren da za a koma, na ajiye kayan cikin leda a ƙofar ɗakin uwarta. Na ce, "Gaya wa yarinyar nan ta wanke rigarta." Da safe ina alwala na ji ƙarar ludayi cikin ƙwarya. Ta fito da jakar yadin Salla, ta durƙusa daga nesa ta ce, "Baba, na tafi." Na ce, "Allah ya tsare." Iyakar hirarmu ke nan.

Ina jin uwarta ta tona ni. Ƙarshen watan na je ɗauko takardun bashina a inda nake ajiye su, sai na iske sabon kaye a kansu, an buɗe shi a shafin dama. Na ɗora yatsa. "Kunu. Takarda mai hatimi da sunana. Aji mai ƙofa 2." An ce abu 3, amma a ƙasa ta ƙara layi ɗaya da jan bik: "Batirin tocila ya kusa ƙarewa."