Abin da Itacen Gawo ya Koya wa Gidanmu

 A wannan fitowa muna so mu ba ku labarin wani abu da ya faru a gidanmu, ko zai amfani iyayen da 'ya'yansu ke shekarar ƙarshe a jami'a.

Autanmu ne kaɗai a cikinmu ya yi nisa a boko, ya karanci injiniyancin sadarwa. Mu yayyensa da muka tsaya a sakandare muka haɗa kuɗin karatunsa shekara bayan shekara. Da lokacin kundin kammala karatu ya zo, wanda ɗalibai ke kira memwar, sai ya zaɓi ya haɗa wata ƙaramar likita ta ƙauye da intanet ɗin gari a ƙasar Damagaram, tazarar kilomita 10, ta hanyar eriya biyu masu kallon juna, masu aiki a zangon gigahaz 5.

A watan Agusta ya kafa kayan, rezo ya kama tsaf, muka yi murna. Amma tun daga Nuwamba ƙarfinsa ya riƙa raguwa, zuwa Disamba sai ya zo ya ɗauke. Ya garzaya wajen malamin da ke duba aikinsa, malamin ya tambaye shi abu ɗaya kawai: me ka auna? Ya dawo gida ransa a ɓace, yana cewa an ƙi taimakonsa. Har wani abokinsa ya ba shi shawara ya rubuta sakamakon watan Agusta kaɗai, ya rufe bakinsa a kan sauran.

Ba za mu ɓoye muku ba, mu ma zuciyarmu ta karkata can, don muna tuna kuɗin da muka zuba. Mahaifinmu ne ya tsawata. Ya ce: "Auta, in ka ɓoye, takarda za ka samu, amma matar da za ta zo haihuwa a likitar nan fa? Koma ka duba."

Sai ya sayi littafi, ya riƙa rubuta ƙarfin rezo safe da yamma. Ya fara zargin ƙurar hunturu, amma ya ga ranar da gari ya washe ma haka abin yake. Ya canza waya, ya auna batir, ya sake saita fuskar eriya, duk babu canji. Kowane zargi ya kawar da shi ɗaya bayan ɗaya, har ya rage abin da ke tsakanin eriyoyin biyu. Ya ce mana: "Yaya, ku ara mini babur." Muka bi layin tare, gona bayan gona.

A tsakiyar hanya muka tarar da kurmin gawo, manya, sun yi kore shar. Nan ya tsaya ya yi shiru. Duk ɗan manomi ya san halin gawo: da damina yake kaɗe ganye, da rani ya tofo, saɓanin sauran itatuwa. Ashe lokacin da aka kafa kayan itatuwan tsirara suke.

Mun ce masa ai daga kan ƙarfen ana hango ɗaya eriyar sama da itatuwan. Ya bayyana mana cewa saƙon rediyo ba kamar zare yake tafiya ba. Yana buƙatar fili kewaye da layin, mai kumburi a tsakiya kamar ƙwai, wanda aka sa wa sunan masanin Faransa Augustin Fresnel da ya rasu a 1827. A tazarar kilomita 10 da zangon gigahaz 5, wannan fili yakan kai kusan mita 12 daga layin a tsakiyar hanya, kuma ƙa'ida ita ce kashi 60 cikin 100 nasa, wato wajen mita 7, ya kasance babu komai. Ga kuma doron ƙasa da ke tasowa kusan mita 2 a tsakiya. Kawunan gawon sun shiga wannan fili, ɗanyen ganye mai ruwa kuwa yana shanye saƙon fiye da busasshen reshe.

Sare itatuwan ba ya cikin lissafi, domin gawo taki ne ga hatsi, 'ya'yansa kuma abincin bisashe. Sai ya sake lissafi, ya ƙara wa kowane ƙarfe tsawon mita 4. Rezo ya dawo, ya zauna. Ranar da ya kare kundinsa gaban malamai, babin da ya ba da labarin kuskurensa shi suka fi daɗewa a kai, shi kuma suka fi yabawa.

Yanzu mun gane malamin bai ƙi shi ba. Amsar ba ta ofishinsa, tana gonar hatsi, kuma sai wanda ya taka ya je zai gan ta. Don haka muna kira ga iyaye da yayye: in yaronku ya cije a bincikensa, kada ku saya masa aikin wani, kada ku ce ya rufe aibi. Ku tambaye shi abin da ya auna, ku ara masa babur. Allah ya yi wa zuriyarmu albarka, ya ba su ilimi mai amfani, amin.