Ku Tambayi Tsofaffi Tun Suna da Rai

Yau tambaya gare ni: in aka ce ki nuna inda aka binne kakan ubanki, kya iya?

Mu mutanen bakin Kwara ne, a ƙasar Yawuri. A 1964 aka soma ginin madatsar ruwa ta Kainji, aka gama a 1968. Ruwa ya taru ya ci tsohon garin Bussa da ƙauyuka masu yawa, aka ta da mutum fiye da 40,000. Gidanmu yana ciki. Ɗaki dai a gina wani, gona a share wata. Amma a bayan gidanmu akwai makwancin mutanenmu, shi kuwa ba a sāke shi.

Malamin garinmu ya ce a mazhabar Maliku ya halatta a ɗauke mamaci in ana tsoron ruwa zai ci kabarinsa, muddin ba a keta mutuncinsa ba. To, amma kun san kabarinmu ba a rubuta masa suna. Tudun ƙasa ne, damina kaɗan ta baje shi. Maza suka ɗauko fartanya, suka rasa inda za su sara.

Kakata ce ta fid da su. Ko da yake mata ba su bin gawa, shekara da shekaru tana duban wurin nan daga bakin danga. Ta nuna na mijinta a gindin tsamiya, na surukarta gabas da shi, har guda biyar. Aka naɗe ƙasusuwan a sabon likkafani, aka kai su tudu.

Na shida 'yar farinta ce, wadda ta rasu tana goye. Aka haƙa nan, aka haƙa can, ba a same ta ba, har ruwa ya rufe wurin. Don kunyar ɗan fari kuwa, Kaka ba ta taɓa faɗin sunanta ba. Yau ba mai rai da ya san shi.

Saboda haka, ku 'yan makaranta, ga aiki. Ku ɗauki littafi da fensir, ku durƙusa gaban tsohuwar gidanku. Ku rubuta sunan kowa, da inda yake kwance, da itacen da ke kusa. Sunan da take jin nauyinsa, ku tambayi ƙawarta. Ruwa ba ya sallama, mutuwa ma haka.

Allah ya jiƙan magabatanmu, amin. Sai mako mai zuwa.