Shahon Birnin Niyok Da Maganin Ɓera

Duk wanda ya ji sunan birnin Niyok na ƙasar Amurka, abin da zai fara faɗo masa a rai shi ne dogayen benaye da cinkoson motoci. Ni ma da wannan zato na sauka can a watan Janairu, tsakiyar hunturu, sai ga shi na komo gida da labarin shaho.

A tsakiyar tsibirin Manhattan akwai wani makeken lambun shaƙatawa da ake kira Central Park, mai girman eka 843, wanda Frederick Law Olmsted da Calvert Vaux suka tsara a 1858. Tsawonsa mil 2 da rabi ne, faɗinsa kuwa rabin mil. Da hantsi na shiga, na tarar dusar ƙanƙara ta lulluɓe ciyawa, itatuwa sun kaɗe ganye ƙaf kamar kuka da rani. Wanda ke kukan sanyin Jos, in ya zo nan sai ya yi shiru. Amma masu sha'awar tsuntsaye ba su ƙin wannan lokaci, domin babu ganyen da zai kare musu gani.

Na bi wata 'yar hanya zuwa wani kurmi da suke kira Ramble, inda akan rataya wa tsuntsaye tsaba saboda ƙarancin abinci. Ga gwarare, ga kurciyoyi, ga kuma wani ja wur mai tukku, kai ka ce rini aka yi masa. Ina cikin kallo sai na ji wurin ya yi tsit, sa'an nan tattabaru suka tashi fir gaba ɗaya. Wata tsohuwa da ke kusa da ni ta miƙo mini tabaran hangen nesa, ta ce, "Ɗan nan, dubi reshen can na sama."

Shaho ne, ƙirjinsa fari, jelarsa ja kamar jar ƙasa, in ya buɗe fukafukai sun kai ƙafa 4. Ya daɗe a zaune, kansa kaɗai ke juyawa. Can sai ya saki reshe, ya sulalo ƙasa, kafin ƙiftawar ido ya tashi da ɓera a faratansa. Na yi murna, amma tsohuwa ta girgiza kai. Ta ce, "Fatana dai ɓeran nan bai ci guba ba."

Damuwarta tana da tushe. A 1991 wani shaho da suka laƙaba wa suna Pale Male, saboda hasken gashinsa, ya sauka a lambun nan. Daga baya ya kafa sheƙa a hawa na 12 na wani gidan attajirai da ke titin Fifth Avenue. A watan Disamba na 2004 masu gidan suka sa aka rushe sheƙar, jama'a suka yi ta zanga-zanga cikin sanyi, har aka tilasta musu kafa wani ƙarfe don ya sake gini. An ba da sanarwar mutuwarsa a watan Mayu na 2023. Amma tun a 2012 aka tsinci gawar matarsa Lima, bincike kuwa ya nuna maganin ɓera ne ya kashe ta.

Ga yadda abin yake. Irin gubar da ake zuba wa ɓeraye tana hana jini daskarewa, ɓera ba ya mutuwa nan take, sai ya yi kwanaki yana yawo a galabaice. Wannan kuwa shi ne mafi sauƙin kamu ga shaho da mujiya, watau maganin da aka sa wa ɓarawo ya ƙare a cikin mai gadi. Haka ta faru ga Flaco, mujiyar da ta kuɓuce daga gidan dabbobin lambun a Fabrairun 2023. Bayan shekara guda ta yi karo da wani gini ta mutu, aka sami guba iri 4 a jikinta, ban da wata cuta ta tattabaru. A 2024 majalisar birnin ta zartar da dokar gwada maganin hana ɓeraye haihuwa a wasu unguwanni.

Jama'a, kada mu ɗauka wannan labarin Turawa ne kawai. Dattawanmu suna tuna lokacin da ungulu ke cika mahautan garuruwanmu, yau yaro kan girma bai gan ta ba. Tun 2015 masana suka sa ta cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa, guba da cinikin sassan jikinta suna cikin manyan dalilai. Ita ma aikin tsabtace gari take yi mana kyauta.

Da la'asar sakaliya na mayar wa tsohuwa tabaranta, na yi godiya. Shahon na nan bisa reshe yana goge baki, bayansa fitilun benaye sun fara kamawa. Na tambaye ta ko za ta komo gobe. Ta ce, "Tilas, in zo in ga ko ya kwana lafiya."