Ni da Hawan Lamingo

Ranar da likita ya ɗora ni a kan ma'auni, allura ta tsaya a kilo 96, bai yi mini dogon wa'azi ba. Tambaya ɗaya ya yi: shekara nawa mahaifina ya yi a duniya? Hamsin da biyu, hawan jini ne ajalinsa. Ni kuwa a lokacin ina da 45. Cikin makon na sayi keke.

Wanda ya koyi keke a shimfiɗaɗɗiyar ƙasar Kano, kamar ni, bai san keke ba sai ya zo Jos. Garin yana bisa tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, iskarsa ba ta ƙosar da huhu kamar ta gangare, duwatsun Shere kuma sun haura mita 1,800. Hanyar Lamingo da ta nufe su na zaɓa, don girman kai, ba don sani ba.

Lissafin da aka saba yi shi ne a cire shekarun mutum daga 220, abin da ya rage shi ne iyakar bugun zuciyarsa a minti guda. Nawa 175 ke nan. Tun ban kai rabin hawan ba agogon hannuna ya nuna 172. Kunnuwana suka ɗauki kiɗan ganga, yawu ya kafe, na tuna mahaifina. Ga shi na rage tuwon dare har fiye da kima, na fito da cikin da babu komai. Ashe tebar da nake so in zubar ita ce kayan da nake dako, kowane kilo sai zuciya ta biya kuɗinsa.

Ina zaune bakin hanya ina haki, sai ga wani dattijo ya turo tsohon kekensa Raleigh, da buhun dankali a baya.

"Sannu Malam, lafiya dai?"

"Lafiya lau Baba, tudun ne."

"Ai sauka ake yi," in ji shi, ya wuce.

Na yi shekaru ina koyar da ɗalibai cewa waƙa ba ta tafiya sai da numfashi, amma ban taɓa auna nawa ba. Yanzu nakan sha koko kafin in fita, in saka giya mafi sauƙi, in taka a hankali yadda zan iya amsa gaisuwa ba tare da muryata ta yanke ba. Agogo ya kai 150, sai in sauka in tura, ko da ɗalibaina na kallo daga cikin mota.

Wata biyar ke nan. Ma'auni ya ce 89. Kwanar ƙarshe ta hawan har yau da ƙafa nake cin ta.