Kwana Uku a Paris: Shirin Abin da Za a Bari

Ma'aikacin da ya samu rarar kwana uku bayan wani taro a Turai, ko magidancin da ya shekara yana tara kuɗi don ya kai iyalinsa birnin Paris, yakan fara shiri ne da rubuta jerin sunaye: Hasumiyar Eiffel, gidan tarihi na Louvre, fadar Versailles, majami'ar Notre-Dame, tudun Montmartre, titin Champs-Élysées. Jerin yakan yi tsawo saboda kuɗin jirgi da na masauki sun yi nauyi, kuma babu tabbacin za a sake zuwa. Sai dai wannan dogon jerin shi ne yake cinye tafiyar. Babban aikin mai kwana uku shi ne ya yanke shawara, tun yana gida, kan wuraren da zai haƙura da su.

Ɗan lissafi ya isa ya nuna dalili. Louvre, wanda aka buɗe wa jama'a a 1793, yana baje kolin kayayyaki kimanin 35,000. Wanda ya ba kowane ɗaya daƙiƙa 30 kacal zai buƙaci sama da sa'o'i 290, wato fiye da wata guda yana zuwa kullum daga safe zuwa yamma. Baƙon da ya shiga da niyyar ganin komai yakan ƙare a layin zanen Mona Lisa, wanda tsayinsa santimita 77 ne kawai, ya hango shi ta saman kawunan mutane, ya fita da ciwon ƙafa. Wanda kuwa ya zaɓi sashe biyu tun farko, a ce na tsohuwar Masar da na fasahar duniyar Musulunci da aka buɗe a 2012, zai fita bayan awa uku yana iya ba da labarin abin da ya gani.

Kalanda ma tana da nata hukuncin. Louvre ba ya buɗewa ranar Talata. Gidan zane-zane na Orsay da fadar Versailles kuma a rufe suke ranar Litinin. Wanda kwanakinsa uku suka kama daga Litinin zuwa Laraba, in bai duba wannan ba, yana iya tsayawa gaban rufaffiyar ƙofa sau biyu. Manyan wuraren nan suna sayar da tikiti ta intanet mai ɗauke da ranar shiga da sa'arta, kuma a lokacin cunkoso gurabun sukan ƙare tun kafin ranar. Haka nan tsawon yini yana bambanta sosai: a watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe goma na dare, a Disamba kuwa duhu ya shiga tun misalin ƙarfe biyar na yamma. Kwana uku na hunturu ba su kai kwana uku na bazara ba.

Bayan kalanda sai taswira. Cikin birnin Paris bai wuce murabba'in kilomita 105 ba, an raba shi gundumomi 20 da suka nannaɗe daga tsakiya zuwa waje kamar kwanson dodon koɗi, kogin Seine kuma ya ratsa shi. Jirgin ƙarƙashin ƙasa, wanda ya fara aiki a 1900, yana kai mutum kusan ko'ina, amma wanda ya yini a cikinsa yana tsallake daga wannan kusurwa zuwa waccan ramuka kawai ya gani. Dabarar ita ce a ba kowace rana yanki guda, a taka shi da ƙafa. Rana ta farko tana iya zama ta tsakiyar gari: Notre-Dame, wadda gobara ta ci rufinta a Afrilun 2019 aka kuma sake buɗe ta a Disamban 2024, sannan a haye kogi zuwa Babban Masallacin Paris da aka buɗe a 1926 don tunawa da sojojin Musulmi da suka rasu suna yi wa Faransa yaƙi a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Rana ta biyu Louvre da safe, sai a bi gaɓar kogi sannu a hankali zuwa Hasumiyar Eiffel, wadda aka kammala a 1889. Rana ta uku a hau Montmartre a arewacin gari, inda ake hango birnin shimfiɗe ba tare da biyan ko sisi ba, sauran yinin kuma a bar shi a sake.

A wannan tsarin babu Versailles, kuma da gangan aka cire ta. Fadar tana kimanin kilomita 20 daga tsakiyar birni. Zuwa da dawowa, da layin shiga, da faɗin lambunanta, sukan lashe yini sukutum, wato kashi ɗaya cikin uku na tafiyar. Wanda zuciyarsa ta fi karkata gare ta yana iya zuwa, amma sai ya sadaukar da Louvre ko Montmartre. Taura biyu ba ta taunuwa.

Ga mai fasfo ɗin Najeriya ko na Nijar, wannan shawarar ba ta jiran ranar tashi, domin neman bizar Schengen yana tilasta ta tun da wuri. Ana iya shigar da takardu tun wata shida kafin tafiya, kuɗin biza ga babba Yuro 90 ne tun Yunin 2024, kuma ana neman shaidar masauki, da ta jirgin dawowa, da inshorar lafiya da ba ta gaza Yuro 30,000 ba. Tunda dole ne a tsayar da ranaku kafin a nemi biza, gara a tsayar da su bayan an duba ranakun da ƙofofi suke buɗe, a kuma zaɓi masauki kusa da yankin da aka fi son takawa.

Mutanen gida za su tambayi wanda ya dawo ko ya ga kaza, ya ga kaza, kuma tsoron amsa "a'a" shi ne yake tsawaita jerin tun farko. Amma wanda ya ga wurare huɗu da natsuwa ya fi wanda ya ratsa goma sha biyu a guje abin faɗa, domin yana tuna kamannin ɗakin da ya tsaya a ciki da hanyar da ta kai shi.