Renon Magaji a Gidajen Ciniki

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya halatta ciniki ya haramta riba mai cin amana. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, 'yan'uwa Musulmi, akwai wani abu da ya daɗe yana damunmu a nan Sara da kewayenta, tun daga Gwaram har Birnin Kudu. Sau da yawa mukan ga attajiri ya kafa gidan ciniki, yana awon hatsi da riɗi, yana da motoci da yara da dillalai, amma ran da ya kwanta dama ba a shekara biyar sai ka tarar an rufe shago, an sayar da motoci, magada suna kai da kawowa gaban alƙali. Mutane sukan ce ai arziki ne ya bi mai shi. Mu kuwa abin da muka lura da shi shi ne, ba jari ne ya ƙare ba, maigida ne ya tafi bai reni wanda zai riƙe ragamar ba.

Alƙur'ani mai girma ya nuna mana sharaɗin wanda za a damƙa wa dukiya. Da Annabi Yusufu, alaihis salam, ya nemi a ɗora shi bisa taskokin Masar, siffofi biyu ya ambata wa kansa, watau tsarewa da sani. To, amana ba ta sakewa, yadda take jiya haka take gobe. Amma sanin ciniki yana sakewa da sakewar zamani, kuma duk shugaban da ya tsaya kan sanin jiya, ko da shi amintacce ne, zai iya jefa dukiyar mutane cikin hasara.

Bari mu ɗauki misali daga Kano. Marigayi Alhaji Alhassan Ɗantata ya tashi cikin fataucin goro a hanyar Gwanja, zamanin da ake tafiya da ayarin jakuna wata da watanni. Da ya ga jiragen ruwa suna tafiya tsakanin Ankara da Ikko, sai ya riƙa aza goronsa a cikinsu. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, sai ya koma kanta, har ya zama babban mai saya wa kamfanin Turawa, yana ba yaransa kuɗi suna shiga ƙauyuka. A 1929, da aka buɗe banki a Kano, bai ce wannan baƙon abu ne ba, ya kai kuɗinsa ajiya. Sau uku ke nan zamani yana juyawa, shi kuwa yana juyawa tare da shi.

Amma abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne mutanen da ya bari. Ya sa 'ya'yansa cikin aiki tun yana da ƙarfinsa, kuma kafin rasuwarsa a 1955 ya yi musu wasiyya da su haɗa kai kada su wargaza gidan. Daga baya fari na 1973 da cutar gyaɗa ta 1975 suka zo, dalar gyaɗa ta ɓace daga Kano, amma gidan bai ɓace tare da ita ba, domin magada sun riga sun shiga gine-gine da sufuri da sauran sana'o'i. Alhaji Aminu Ɗantata ya ja ragamar gidan shekaru masu yawa kafin ya rasu a 2025. Alhaji Aliko Ɗangote kuwa, jikan Alhaji Sanusi Ɗantata ta wajen uwa, wanda ya yi karatu a kwalejin gwamnati ta nan Birnin Kudu, da rancen jari daga kawunsa ya fara ciniki. Ba muna cewa yawan dukiya ne ma'aunin mutum a wurin Allah ba. Abin lura shi ne, an ba yaro jari da dama tun yana ƙarami, aka bar shi ya gwada kansa.

To, juyin da muke ciki yau ya fi na zamanin jirgin ƙasa sauri. Wayar hannu ta shigo ƙasar nan a 2001, ga shi yanzu mai awo yana Sara yana jin farashin Dawanau kafin ya ɗaure bakin buhu. A farkon 2023, lokacin da aka sake takardun Naira kuɗi suka yi wuyar samu, kowa ya shaida yadda ciniki ya koma kan tura kuɗi ta waya. A lokacin dattijan da suka shekara arba'in a kasuwa sai da suka miƙa wayoyinsu ga yara, su ne masu duba ko kuɗi sun shigo.

Nan ne fa haɗarin yake, kuma ta fuska biyu ne. Dattijo ya san mutane, ya san wanda za a ba bashi da wanda za a hana, amma bai san na'ura ba. Yaro ya san na'ura, amma ba a taɓa zaunar da shi an koya masa haƙƙin abokin ciniki da hukuncin awo da nisabin zakka ba. Idan ba a haɗa su ba, sai asirin dukiya ya koma hannun wanda ba a horar ba, hukunci kuma ya tsaya hannun wanda ba ya ganin lissafi.

Magabatanmu ba su ji tsoron sabon abu mai amfani ba, ba su kuma raina ƙarami ba. A shekara ta 5 bayan Hijira, Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, ya karɓi shawarar Salmanul Farisi ta haƙa gwalalo a gefen arewacin Madina, dabarar da Larabawa ba su saba da ita ba. Dab da wafatinsa ya naɗa Usamatu ɗan Zaidu, saurayi, jagoran rundunar da manyan sahabbai ke cikinta. Sayyidina Umar kuma ya kafa diwani, watau rajistar masu karɓar rabo daga baitulmali, sa'ad da dukiya ta yawaita har ƙwaƙwalwa ba ta iya riƙe lissafinta.

Saboda haka nasiharmu ga masu gidajen ciniki, babba da ƙarami, ita ce su fara renon magaji tun yau. A ba yaro wani yanki na jari bisa ƙa'idar ƙiradi yadda malamanmu na Malikiyya suka shimfiɗa ta, shi da aiki, maigida da dukiya, a yanka rabon kowa tun farko, a kuma bi shi da bincike. In ya yi kuskure ba da ha'inci ba, a gyara masa, kada a ƙwace. A riƙa rubuta bashi da shaidu, ko a littafi ko a kwamfuta, domin aya mafi tsawo cikin Alƙur'ani a kan haka ta sauka. A raba aljihun gida da na kamfani, domin cuɗanya su ita ce ke haifar da rigimar gado. A zauna shawara da akawu da direba da yaron shago, kowa ya faɗi abin da idonsa ya gani. Sa'an nan in an zo zaɓen wanda zai shugabanta, a duba cancanta. Rabon gado Allah ya riga ya yanka shi, ba mai taɓa shi, amma riƙon ragama na wanda ya iya ne, ko da ƙane ne, ko da bara ne da ya tashi a gidan.

Ku kuma samari, sanin waya ba shi ne shugabanci ba. Ku durƙusa gaban dattijanku ku ɗauki abin da ba a rubuta shi a na'ura ba, watau haƙuri da cika alkawari da tsoron haƙƙin mutane.

A tuna fa, gidan ciniki guda in ya rushe, ba magada kaɗai ke kuka ba. Manomin da ke kawo kaya, da ɗan dako, da direba, da marayun da ake ciyarwa daga zakkar gidan, duk abin ya shafe su, kuma za a tambayi maigida game da su.

Allah ya sa mu fi ƙarfin zukatanmu, ya yi albarka cikin neman halalinmu, ya ba mu magada nagari, amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.